APOL1: Furotin da Ya Tsare Kakanni daga Cizon Tsando, Yake Kuma Taɓa Ƙodar Jikoki

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a sashen wankin ƙoda ya san wani abu mai ɗaure kai. Ba tsofaffi kaɗai ke kan gadajen ba. Za ka tarar da matashi ɗan shekara talatin, ba ya da ciwon suga, bai taɓa doguwar jinya ba, amma ƙodojinsa biyu sun tsaya. A tambayi dalili, a ce hawan jini ne. Tun shekarar 2010 masana suka gano cewa a wajen mutane da yawa masu asali da Afirka ta Yamma akwai wani abu a bayan hawan jinin, wato wani furotin da ake kira APOL1. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne APOL1 ɗin?

Cikakken sunansa Apolipoprotein L1. Furotin ne da jikin ɗan Adam ke ƙerawa da kansa, kuma umarnin ƙera shi yana rubuce a wata ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 22, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado a jiki. Kowa yana da kwafi biyu na wannan umarni, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mafi yawan wanda ke yawo a jini hanta ce ke fitar da shi, yana tafiya a manne da wani ɓangare na HDL, wato abin da likitoci ke kira kolestarol mai kyau. Ƙoda ma tana ƙera nata, haka jijiyoyin jini da mahaifa. An fara bayyana shi a 1997, a lokacin ana ɗaukarsa kawai ɗaya daga cikin furotin masu dakon kitse.

Abin mamaki, dabbobi kaɗan ne ke da shi: mutum, gorila, gwaggon biri da wasu 'yan birai. Cimfanzi, duk da kusancinsa da mu, ba shi da shi. Saniya, akuya, doki da ɓera duk babu.

To mene ne amfaninsa a jiki?

Makiyayi ya riga likita sanin amsar, ko da bai san sunan ba. Tsando ɗaya zai ciji saniya ya ciji mai kiwonta. Saniya ta kamu da sammore, ta rame, gashinta ya tashi, nono ya ƙafe, shi kuwa makiyayi ya sosa wurin ya wuce. Ƙwayar cutar da ke kayar da saniya ta shiga jinin mutumin ita ma, sai dai ba ta kai labari ba. A 2003 ne tawagar Etienne Pays ta jami'ar Burasels a Beljiyam ta nuna cewa APOL1 ne ke kashe ta.

Yadda yake yi abin kallo ne. Ƙwayar cutar, wadda ake kira tiraifanosoma, tana haɗiye furotin ɗin a matsayin abinci. Da ya isa wata jaka mai tsami a cikinta, sai ya canza siffa ya nutse cikin fatarta, daga baya ya buɗe ƙaramar kafa. Ta wannan kafa gishirin sodiyam ke kwarara ciki, ruwa ya bi shi. A ƙarƙashin madubin likita ana ganin ƙwayar, wadda da take siririya tana wutsil-wutsil kamar tarwaɗa, ta lafa, ta kumbura ta zama ƙwallo, ta fashe.

Idan haka ne, ta yaya ciwon barci ya riƙa kashe mutane?

Ciwon barci ma tiraifanosoma ce ke jawo shi ta cizon tsando, kuma nau'i biyu na ƙwayar sun koyi kauce wa tarkon. Na gabashin Afirka, rodesiyense, yana ƙera wani furotin mai suna SRA wanda ke damƙe jelar APOL1 kafin ya huda komai. Na yamma da tsakiyar Afirka, gambiyense, yana ƙarfafa fatarsa yana kuma rage haɗiyar furotin ɗin. Wannan na biyun shi ne ya addabi Arewacin Najeriya a shekarun 1930, har gwamnatin mulkin mallaka ta tashi ƙauyuka a yankin Anchau na lardin Zariya, aka sassabe bakin rafuka, aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Cibiyar binciken cutar da ke Kaduna ma gadon wancan zamani ce.

Jikin ɗan Adam bai zauna ba shi ma. Cikin shekaru dubu goma da suka wuce, sauye-sauye biyu suka bayyana a ƙwayar gadon APOL1 a Afirka. Na farko, G1, musanya ce ta tubali biyu a cikin tubala 398 da ke gina furotin ɗin. Na biyu, G2, tubali biyu ne suka ɓace gaba ɗaya. Duka biyun a jelar suke, daidai inda SRA ke kamawa. Wanda bai da ko ɗaya ana ce da shi G0. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna masu G2 a Yuganda sun fi tsira daga nau'in gabas, yayin da masu G1 a Gini suka fi iya zama da nau'in yamma a jiki ba tare da ya kwantar da su ba. Inda cuta ke ɗauke yara da matasa, mai irin wannan kariya shi ke rayuwa ya bar zuriya, shi ya sa sauyin ya bazu da sauri.

Mai karatu zai ce ai labarin sikila ne da zazzaɓin cizon sauro. Kusan haka ne, kuma kwatancen zai taimaka, amma akwai inda suka rabu, za mu zo wurin.

Ina ruwan ƙoda a ciki?

Kowace ƙoda tana da matatai ƙanana kusan miliyan ɗaya, kuma a rana suna tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar da kusan duka, su bar abin da zai fita a fitsari. A jikin kowane mataci akwai wasu ƙwayoyin halitta masu yatsu da ake kira fodosait, sun sarƙe yatsunsu da juna kamar saƙar rariya, su ne ke hana furotin na jini zubewa. Waɗannan ƙwayoyi suna ƙera APOL1 nasu. Idan na G1 ko G2 ne, kuma aka ƙera shi da yawa, makamin da aka tanada domin baƙo sai ya juyo kan mai gida: ya huda fatar fodosait, fotasiyam ya fice, sodiyam da kalsiyam su shiga, ƙwayar ta kumbura ta mutu. Fodosait kuwa ba ya sake tsirowa yadda fata ke yi. Rariya ta yage, furotin ya fara bin fitsari, wurin ya zama tabo.

Tarihin gano wannan yana da ɗan ban dariya. An daɗe da sanin cewa baƙaƙen fatar Amurka sun ninka fararen kusan sau huɗu wajen mutuwar ƙoda. A 2008 masana suka bi sawu har kuromosom na 22, suka ɗora laifin kan wata ƙwayar gado mai suna MYH9. Ashe maƙwabciya suka kama. A 2010 tawagar Martin Pollak a Boston da ta Karl Skorecki a Haifa, kowace da kanta, suka nuna cewa mai laifin ta ƙofar gaba ce, APOL1. A 2017 kuma ɗakin binciken Katalin Susztak a Filadelfiya ya dasa G1 da G2 a ƙodar ɓeraye, suka kamu da irin ciwon da ake gani a mutane, waɗanda aka dasa wa G0 kuwa suka zauna lafiya.

Yaya girman haɗarin yake?

Ya danganta da irin ciwon. A binciken Amurka, mai kwafi biyu masu haɗari, wato G1/G1, G1/G2 ko G2/G2, ya ninka sauran mutane kusan sau 17 wajen kamuwa da ciwon tabon matatai da likitoci ke kira FSGS, sau 29 wajen ciwon ƙoda mai biyo bayan cutar ƙanjamau, da kusan sau 7 wajen mutuwar ƙodar da ake dangantawa da hawan jini. A ciwon ƙoda na masu suga kuwa tasirinsa kaɗan ne. Ga masu sikila, yana ƙara saurin zubar furotin a fitsari.

Wannan na hawan jini shi ya fi tsaya mini a rai. Shekara da shekaru ana gaya wa majiyyata cewa sakacinsu da maganin hawan jini ne ya kashe musu ƙoda. Ga wasu gaskiya ne. Ga wasu kuwa ƙodar ce ta fara lalacewa, ita ta tayar da jinin. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013 ya nuna masu kwafi biyu ƙodarsu ta fi saurin lalacewa ko da an matsa wajen saukar musu da jini. Wannan ba hujjar barin magani ba ce, amma ya kamata ya rage ɗora wa mara lafiya laifi.

Duk mai kwafi biyu zai yi ciwon ƙoda ke nan?

A'a, kuma a nan ne ya rabu da sikila. Mai SS yana da sikila, babu tantama. Mai kwafi biyu masu haɗari na APOL1 kuwa, a ƙiyasin da aka fi amfani da shi, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar zai gamu da ciwon ƙoda a rayuwarsa. Sauran za su tsufa ba su ma san suna da shi ba.

Abin da ke bambanta su shi ne abin da masana ke kira bugu na biyu, wato wani abu da zai zo ya zuga jiki ya ƙera furotin ɗin fiye da kima. Babban mai zugawa shi ne intaferon, wani sinadari da garkuwar jiki ke saki idan ƙwayar bairos ta shigo. Shi ya sa ƙanjamau da ba a sha masa magani ba ya zama bugu mafi muni. An ga irin haka ga masu ciwon lufus, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin kansa, ga waɗanda aka yi wa allurar intaferon a matsayin magani, sannan a lokacin korona aka sami majiyyata da ƙodarsu ta rushe cikin makonni, da aka duba kusan dukansu masu kwafi biyu ne. Ƙasar Habasha ta ba da hujja ta ɗaya gefen: G1 da G2 kusan babu su a can, kuma irin wancan ciwon ƙoda na masu ƙanjamau ba a cika ganinsa ba.

Akwai kuma masu sa'a. A 2023 aka tabbatar cewa wani ƙaramin sauyi na dabam, N264K, idan ya zo tare da G2, yana toshe kafar, haɗarin ya faɗi ya koma kusan na kowa.

Mu a Afirka ta Yamma yaya abin yake?

A nan tushensa yake. Cinikin bayi ne ya kai shi Amurka, Barazil da tsibiran Karibiyan, inda yau kusan kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka ke da kwafi biyu. Amma an daɗe ana nazarin reshe an bar gindi. Sai a ƙarshen 2024 aka wallafa babban bincike na H3Africa, wata haɗakar masu binciken ƙwayoyin gado a Afirka, a kan mutum 8,355 daga Najeriya da Gana. Kashi 43 cikin 100 suna da kwafi ɗaya mai haɗari, kusan kashi 30 suna da biyu. A lura, fiye da rabin waɗanda aka duba masu ciwon ƙoda ne, don haka wannan ba alƙaluman mutanen kan titi ba ne. Masu kwafi biyu haɗarin ciwon ƙodarsu ya ƙaru da kashi 25, sannan, abin da ba a zata ba, masu kwafi ɗaya ma nasu ya ƙaru da kashi 18. A ciwon FSGS ƙarin ya kai kashi 84 ga masu kwafi biyu da kashi 61 ga masu kwafi ɗaya.

Yawansa ba ɗaya ba ne ko'ina. Ya fi yawa a yankin kurmi da gaɓar teku, cikin Yarbawa, Ibo da Akan, yana raguwa idan aka doshi Sahel. Amma auratayya, fatauci da zaman zango na ɗaruruwan shekaru sun cakuɗa jini, saboda haka sunan ƙabila ba ya maye gurbin gwaji. Haka nan kada a ɗauki kowane ciwon ƙoda a jingina masa. Suga, hawan jini, duwatsun ƙoda, tsargiya, aiki cikin zafin rana ba shan ruwa, da magungunan kashe ciwo da ake sha barkatai duk suna nan da nasu rabon.

Ana iya auna shi a jini a gane wanda ke cikin haɗari?

Nan akwai darasi ga duk mai neman alamar cuta a jini. Tunda APOL1 yana yawo a jini, an zaci auna yawansa zai nuna wanda ƙodarsa ke cikin haɗari. Bai nuna ba. Wanda ke jini na hanta ne, kuma ba shi ke ɓarnar ba, na cikin ƙodar ne. Dashen ƙoda ya ba da babbar shaida: idan ƙodar ta fito daga mamaci mai kwafi biyu, tana saurin gazawa a jikin wanda aka dasa wa, ko da shi G0 ne. Haɗarin yana bin ƙodar.

Don haka gwajin da ke da amfani shi ne na ƙwayar gado, da jini ko yawu, sau ɗaya a rayuwa, ya ce maka G0, G1 ko G2 kake ɗauke da su. Yana faɗin yiwuwa, ba ya faɗin halin da ƙoda ke ciki yau. Wannan aikin gwaji biyu ne masu araha: kiriyatinin a jini, wato wani datti da ke taruwa idan ƙoda ta rage tacewa, da furotin a fitsari. Na fitsarin ɗan siririn tsinke ne da ake tsomawa a kwalba, murabba'in da ke bakinsa rawaya ne, idan akwai furotin sai ya rikiɗe kore cikin minti ɗaya. Kafin a kai ga asibiti ma jiki kan yi magana: fitsari mai kumfa kamar an zuba omo, kumfar ba ta kwanciya, fuska a kumbure da safe, takalmi ya matse da yamma, a danna ƙauri da yatsa ramin ya daɗe bai ciko ba.

Wa ya kamata ya yi gwajin gadon?

A ganina, mutum uku ne suka fi cancanta: matashin da ke zubar da furotin ba tare da suga ba, mai ƙanjamau ko lufus da ƙodarsa ta fara nuna alama, da wanda zai ba ɗan'uwansa ƙoda. Na ƙarshen ya fi muhimmanci a wurinmu, domin a Najeriya dashen ƙoda daga rayayyu ake yi, galibi ƙane, wa ko ɗa. Idan gado ne ya kayar da yayan, akwai yiwuwar ƙanen ma yana ɗauke da shi, ga shi za a bar shi da ƙoda ɗaya. Ba lallai a hana shi bayarwa ba, amma haƙƙinsa ne ya sani kafin ya sa hannu. A Amurka akwai babban bincike mai suna APOLLO da ke bin masu bayarwa da masu karɓa domin wannan tambaya.

Za a sa shi cikin gwajin kafin aure kamar jinotayif?

Ba na goyon bayan haka. Gwajin sikila kafin aure yana da hujja, domin yaron SS tabbas zai sha wahala tun yana ƙarami. Nan kuwa mafi yawan masu kwafi biyu lafiyarsu lau. A raba masoya, ko a laƙaba wa wani gida suna, saboda abin da huɗu cikin biyar ba zai taɓa su ba, ɓarnar ta fi gyaran.

Me ya sa kamfanonin magani suka ɗora ido a kansa?

Saboda abu ne mai wuyar samu: furotin da ke haddasa cuta kai tsaye, wanda kuma jiki zai iya rayuwa babu shi. Shaidar ta zo daga Indiya. A 2004 wani manomi a jihar Maharashtara ya kamu da wata tiraifanosoma ta dabbobi wadda ba ta kama mutane. Da aka bincika, aka tarar kwafinsa biyu duk matattu ne, babu APOL1 a jininsa ko kaɗan. An yi masa magani da suramin ya warke, ƙodojinsa kuwa lafiya suke. Ma'ana, ana iya toshe furotin ɗin ba tare da an rushe wani aiki na ƙoda ba.

Hanyoyi uku ake bi. Ta farko, a toshe kafar. Kamfanin Vertex ya ƙera ƙwayar magani mai suna inaxaplin, ana sha sau ɗaya a rana. A gwajin da aka wallafa a 2023, mutum 16 masu FSGS da kwafi biyu suka shiga, kuma a cikin 13 da suka sha yadda ya kamata furotin na fitsari ya ragu da kashi 47.6 cikin 100 a mako 13. Ciwon kai, ciwon baya da tashin zuciya su ne aka fi kuka da su. Sakamako ne mai faranta rai, amma mutum 13 ne, babu rukunin waɗanda ba su sha maganin ba da za a kwatanta da su, kuma rage furotin ba daidai yake da hana wankin ƙoda ba. Shi ya sa aka shiga babban gwaji mai suna AMPLITUDE. Kamfanin Maze ma yana da nasa mai irin wannan aiki, MZE829. Hanya ta biyu, a hana ƙera furotin ɗin tun daga saƙon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi, wanda AstraZeneca ke gwadawa da allurar AZD2373. Ta uku, a kashe zugar intaferon da baricitinib, maganin da tuni ake ba masu amosanin gaɓɓai, kuma Opeyemi Olabisi na jami'ar Duke yana jagorantar gwajinsa.

Idan aka toshe shi, ba a buɗe wa sammore ƙofa ba?

Tambaya ce da mazaunin Boston ba zai damu da ita ba, amma makiyayin da ke shayar da shanu a bakin kogin Kaduna ko Binuwai dole ya yi ta. Inaxaplin yana hana furotin ɗin huda fata, kuma da hudar ne yake kashe ƙwayar cutar dabbobi. Labarin manomin Indiya ya nuna abin da ke iya faruwa idan garkuwar ta kau. Wannan dalili kaɗai ya isa a ce wajibi ne a gwada irin waɗannan magunguna a ƙasashen da tsando yake, a kuma sa ido kan duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ga mai shan su. Sai batun kuɗi. Iyalin da ke sayar da gona domin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ba za su iya sayen magani da farashin Amurka ba, alhali a nan ne masu G1 da G2 suka fi yawa a duniya.

Kafin maganin ya iso, me mutum zai yi?

Ya auna jininsa, ya kuma yi gwajin fitsari da kiriyatinin aƙalla sau ɗaya a shekara idan a gidansu an taɓa yin ciwon ƙoda. Idan an ga furotin, likita kan ba da irin su lisinopril ko losartan, waɗanda ke rage matsin da ke kan matatai, wani lokaci a ƙara da dapagliflozin. Mai ƙanjamau ya riƙe maganinsa da muhimmanci, domin danne ƙwayar cutar shi ne cire bugu na biyu mafi girma. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya. A guji shan diclofenac da ibuprofen kullum saboda gajiyar aiki, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda a kemis ko tashar mota, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da man bilicin mai sinadarin makuri. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, musamman da yake an sami alaƙa tsakanin jaririn da ke ɗauke da kwafi biyu da hawan jinin masu ciki mai kai wa ga jijjiga. Wanda kuma ya ga kumfar nan a fitsarinsa kwana uku a jere, ya ɗebi na safe a kwalba mai tsabta ya kai ɗakin gwaji.